Wa Ya Ja Kujerata Baya a Motarki?

Manveen, hasken safiyata, ɗumin tafin hannuna ranar da sanyi ya hana yatsu lanƙwasa, ke da kika fi bishiyoyin layinku kyau a makon da ganyensu ke juyewa ja kafin ya zube, ke da muryarki ta fi min shayin kakata Bibi mai citta daɗi a maƙogwaro,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya wanke hannu sau uku da sabulun gareji kafin ya taɓa takardar nan, kuma duk da haka ga baƙin mai nan a gefenta. Ki yi haƙuri da shi, ki yi haƙuri da rubutun. Kin san a aji goma na ajiye biro na ɗauki sifana. Manyan takardu sun fi ƙarfina, amma mota na iya karantawa, kuma yau motarki ta gaya min abin da ke ba ki gaya min ba.

Da safe kika kawo ta in sa mata tayoyin sanyi, kika cillo min makulli kika ruga ki kama bas. Na buɗe ƙofar kujerar mai zaman banza, kujerata, wadda shekara biyu ke nan tana daidai tsayina. Ni gajere ne, duk garinmu na Brampton ya sani. Sai na tarar an ja ta baya har ƙarshe, an ma kwantar da bayanta. Dogon mutum ne ya zauna a kai, kuma ya daɗe, har ya samu sakewar kishingiɗa. Na tada mota, rediyo ya gaishe ni da Faransanci. Na ɗaga ta sama, sai ga farin gishirin hanya ya bushe a ƙarƙashinta. Manveen, ƙanƙara ba ta sauko mana ba tukuna, ba a fara zuba gishirin narkar da ita a titunanmu ba. A arewa kaɗai aka fara. Na duba 'yar takardar da na manna a gilashi ranar da na juye miki mai, na ga kin ƙara kusan kilomita dubu biyu cikin mako uku, ke da daga ɗaki sai wurin aiki.

Hearst kika je, garin nan na can arewa inda ake jin Faransanci. Da Yanick kika je, malaminki na Faransanci. Kin je ganin gidan kula da tsofaffin nan da yayarsa ke aiki, inda ya ce za su ɗauke ki aiki.

Kin tuna wa ya fara zama a kujerar nan? Sanyinki na farko da mota, ranar Lahadi da hantsi, a filin ajiye motoci na bayan kwalejinku da ba kowa a ciki sai ƙanƙara. Na ce kada ki danne birki, ki lallaɓa shi. Kika danne shi da dukan ƙarfinki. Motar ta juya da mu sau biyu kamar faifai, kika saki sitiyari kika cafke hannun rigata, kika ce, "Dilsher, in na mutu ka gaya wa mamata na ci jarrabawar lissafi." Muka yi ta dariya har gilashi ya rufe da tururin bakinmu, kika zana fure a kai da ɗan yatsa. Tun ranar, duk sanda na ga ƙanƙara ta sauko sai in ji hannunki a rigata. Yanzu wa kike cafkewa in motar ta zame?

Ba na zargin ki da neman mafita, sanyin idona. Na ga fuskarki ranar da kika karanta sabuwar doka a waya, kina riƙe da rabin paratha, gurasarmu ta gida, har ya huce a hannunki. Kin zo ƙasar nan bisa alkawari guda: ki yi karatu, ki yi aiki, ki zauna. Kin yi karatun, kin yi aikin, sai aka matsar da ƙofar kina dab da ita. An daina ƙara wa'adin takardar aiki, makin da ake nema don samun izinin zama ya haura inda hannunki ba ya kaiwa, taki takardar kuma a watan Maris za ta mutu. Ƙofa ɗaya ta rage a buɗe, ta masu jin Faransanci. Duk wannan na fahimta, ko da yake sai da kika maimaita min sau uku.

Amma akwai wata ƙofar, kin kuma san ta. Ni ina shekara tara aka kawo ni ƙasar nan, fasfona na ɗan ƙasa na nan cikin akwatin Bibi tare da 'yan kunnenta. Na ce mu yi aure. Na faɗa tun kafin dokar, na sake faɗa bayanta. Da kin amsa, ba don matar nan ta ɗakin girkin gurdwara, wurin ibadarmu, ba, wadda ta dube ki kina murza gurasa ta ce wa ta kusa da ita, "'Yan matan takardar karatu ai ba miji suke nema ba, fasfo suke nema mai ƙafa biyu." Kika ajiye muciyar murzawa, kika wanke hannu, kika fita. A mota kika ce min, "Ba zan shiga gidanku da maganar nan a wuyana ba. Sai na samu tawa takardar da gumina, sannan ka sake tambayata."

Na ce to. Ni mai jira ne, aikina ma ya koya min: notin da ya yi tsatsa ba a yi masa gaggawa, mai ake ɗiga masa a koma gefe. Amma ki gaya min, ya ke tsuntsuwar da ta sauka a tagata, me ya sa taimakona ya zama abin kunya, nasa kuma ya zama gumi? Shi ya ba ki kalmomi, kin karɓa. Ya ba ki yayarsa, ya ba ki garinsu, kin karɓa. Ni na miƙo rayuwata duka, kin ce in riƙe tukuna. Yana sa ki dariya da harshen da ban san ko gaisuwarsa ba. Ranar da ya kira ki muna cin abinci, na ga yadda leɓunanki ke tsukewa in za ki furta kalmominsa, siffar da ban taɓa ganin bakinki ya yi ba, ni da na ɗauka na haddace fuskarki kamar hanyar gida. Kishi nake yi, Manveen! Kishin littafinsa nake, da rediyonsa, da dogayen ƙafafunsa, da kowace bishiya ta hanyar arewa da ta gan ki tare da shi awa goma ni ina nan ina ɗaga motocin mutane.

Kawu Nirmal mai garejinmu ya same ni tsaye ƙarƙashin motarki, ya ce, "Kai ɗan gajere, gishiri kake lasa ko aiki kake? In kuka za ka yi matsa daga kan birkin yarinya, kada ka sa masa tsatsa."

Ga abin da ya fi ci min rai, ya ma fi kishin. Da tayoyin bazara kuka hau hanyar nan. Na baya na hagu ya suɗe kamar tafin hannu. Mutumin da ya san sunan kowane abu cikin harshe biyu bai sunkuya sau ɗaya ya dubi abin da ke ɗauke da ke ba. Da motar ta juya a can, tsakanin manyan motocin katako, wa zai gaya wa mamarki?

Ran Asabar za ki zauna jarrabawar Faransancin. Ina roƙon Ubangiji ki ci, ko da cin nata ne zai kai ki garinsu. Gara min ki yi nisan awa goma da a sa ki jirgi a watan Maris. In sai Hearst, to sai Hearst. Garin da ƙanƙara ke rabin shekara ba ya rasa aikin mai taya, kuma noti bai damu da harshen da kake ji ba. Ban roƙe ki ki karɓi fasfona ba. Ki dai bar min kujerata.

Na sa miki tayoyi huɗu sababbi, waɗanda da na ajiye wa tawa motar. Rediyon na bar shi inda yake, kina bukatarsa. Kujerar kam na jawo ta gaba.

Kin san ƙa'idar aikinmu: duk wanda aka sauya wa taya, in ya yi kilomita ɗari sai ya dawo a sake ɗaure masa noti, don ƙarfe kan saki bayan ya ɗan yi tafiya. Wurin jarrabawarki zuwa da dawowa, da aikin kwana uku, ɗari ke nan cif, na auna. Ki dawo min ran Litinin. Ba sai kin ce komai ba, kin san ba na tambaya. Zan buɗe ƙofar gefe in duba kujerata.

Naki, mai jira da sifana a hannu, bana da baɗi da duk sanyin da zai biyo bayansu,

Dilsher