Gaɓar da Ke Kallon Gabas

Abhur, Jidda
20 ga Yuli, 2009

Rabi'a, 'yarki ta bugo mini waya daga tekun Karebiyan! Ni Muntaka mai gadin ƙofa, ni aka nema da shawara daga can bayan duniya. Tun jiya bakina ya ƙi rufuwa.

Af, murna ta sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ki. Ina fata kina lafiya, ke da gwaggonki Inno da Kawu Badaru da duk mutanen gida a Ƙaura Namoda. Yaya damina? Yaya ciwon kan nan naki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya.

Bari in faro miki daga tushe. Zubaida ce ta zo ta ɗaya a ajinsu, sai ubanta Hamad ya ce tukwicinta tafiya. Ya kwashe su, da ita da matarsa Ummu Abdulghani da yaran, suka tashi zuwa Amurka, daga can suka shiga wani jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa. An ce har kasuwa akwai a cikinsa. Kullum gari zai waye musu a bakin wani tsibiri, su sauka su sha iska, da yamma su koma.

Jiya suka tsaya a wani tsibirin, sunan ya ƙi zama a kaina. Aka ce kowane iyali su zaɓi gaɓar da mota za ta kai su. Biyu ne, kuma wuni ɗaya ba ya isa a je duka. Ta yamma ruwanta kwance kamar na randa, ga farin yashi, har iyo ake yi da kunkurun teku. Ta gabas kuwa duwatsu ne da igiyar ruwa mai hauka, ko ƙafa ba a tsomawa, sai dai a tsaya a yi kallo. Hamad ya ce tafiyar Zubaida ce, ita za ta zaɓa. Sai ta karɓi wayarsa ta koma gefe, wai za ta shawarci Sidinta, wato ni kakanta.

Ina zaune a bakin ƙofa bayan la'asar wayar ta shigo. Na ce, "Wa nake ji kamar amaryata? Kin bi wani angon kin bar ni da gadi?" Ba ta yi dariya ba. Kin san Hausarta, kunne na ji amma baki ba ya juyawa, rabi duk Larabci. Ta ce wani ma'aikacin jirgin, baƙi kamarmu, ya gaya mata duk wanda ya tsaya a gaɓar gabas, babu komai tsakaninsa da Afirka sai ruwa. Ta ce, "Sidi, Mama tana ta wajen, sah? Haka ne?" Sai ta roƙe ni in koya mata yadda ake cewa "ina nan, ban manta ba" da Hausa mai kyau, wai za ta hau dutse ta faɗa da ƙarfi ko iska ta kai.

Ki dubi wautar ƙuruciya. Kin fi kowa sanin cewa a takarda Ummu Abdulghani ce uwarta. Da haka ta sami zama 'yar ƙasa bayan 'yan jawazat masu kamen baƙin haure sun kama ki da farantin gyaɗa suka tura ki gida. Na san a nan aka haife ki, ba ki taɓa ganin gidan ba kafin ranar, amma gida ai gida ne. Shekara takwas matar nan na riƙe da ita, ci da sha da sutura. Yanzu a gabanta, a gaban Hamad, yarinya ta hau dutse tana kiran wata uwar? Ni kuma Hamad ne kafilina da ya tsaya mini, iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunsa take, ɗakin da nake kwana ma nasa ne.

Nan take Allah ya ba ni dabara. Na ce mata kin yi aure bara waccan, kin haifi mace, kin sa mata Zubaidatu. Na ce, "A wurinmu in uwa ta mayar da suna, to ta dangana da mai shi na farko ke nan. Ta sami Zubaidarta, ke ma ki riƙe uwar da ke gabanki." Can ta ce, "Tayyib, Sidi. Halas." Wato to, shi ke nan. Ta zaɓi ta yamma.

Hamad da kansa ya kira ni daga baya, ya ce, "Ammi Muntaka, ban san me ka gaya mata ba, amma ka hutar da mu kallon duwatsu." Ya ce ba ta ci abinci ba ranar, amma jirgin ruwa ya gaji haka.

Don haka ki daina aiko mata saƙo ta hannun alhazai. In ma wata rana ta sami lambarki, ki tsaya kan abin da na faɗa. Da hannuna na rubuta miki don maganar ta zauna, ba a banza na yi ajin manya a unguwar Mahjar da furfurata ba.

Ki gaishe da kowa da kowa. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Muntaka Gwadabe

Abhur, Jidda
16 ga Agusta, 2009

'Yata Rabi'a,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fata kun wayi gari lafiya. Yaya Inno da ƙafarta? Yaya shirin azumi? Allah ya kai mu da rai da lafiya.

Wayar da kika bugo, ba don wulaƙanci na kashe ba. Kuka ya hana ni fahimtar abin da kike faɗa, ga baƙi na jiran in buɗe musu ƙofa. Abu ɗaya na tsinta, kin ce na yi miki ƙarya. Uba ba ya fushi da irin wannan, na yafe miki. Kuma abin yana da magani. Kawu Badaru ya ce Isha'aku mai injin niƙa ya turo har sau biyu kin ƙi. Ki amsa masa. In Allah ya ba ki mace ki sa mata Zubaidatu, kin ga kin wanke ni a wurin Allah, maganata ta zama gaskiya, gaba kawai na yi da ita.

Matafiya sun dawo lafiya. Ranar Juma'a suka zo nan Abhur. Amaryata ta ƙara tsawo, ta sumbaci kaina kamar yadda 'ya'yan manya ke yi. Na tsokane ta da Hausa, ta amsa da Larabci zalla, ko "sannu" ba ta ce ba. Sannan a gabana ta kira Ummu Abdulghani "Ummi". Da "Khala" take ce mata, wato gwaggo, duk shekarun nan. Matar ta rungume ta tana hawaye, ni ma sai da na share ido. Ba ki ga yadda gidan ya yi daɗi ba.

Da za su tafi ta dawo ita kaɗai ta miƙo mini wani abu a ƙulle cikin hankici. Ashe ɗan warwaron azurfan nan ne da kika sa mata tana goyo, ban ma san tana ajiye da shi ba. Ta ce ya yi mata kaɗan tun tuni, a kai wa ƙanwar tata. Kin ga hankali ko? Na ba Musbahu direba, zai taho miki da shi tare da wannan takarda. Ki adana, zai yi amfani.

Hamad kuma ya kawo mini hoto babba cikin gilashi, na rataye shi saitin ƙofar ɗakina. Ga Zubaida tsaye cikin ruwa iya gwiwa da doguwar riga, ga kunkuru kusa da ƙafarta, girmansa ya kai faifai biyu. Ba ta yi murmushi ba, rana ce ta dake ta a ido. Ruwan kuwa, wallahi ko shuɗin bula bai kai shi ba. Na so in wanko miki ƙarami, amma Hamad ba ya son hoton 'yarsa ya fita waje, kuma yana da gaskiya.

Ke dai tunda sun ɗauki hoton yatsunki ba dama ki shigo, sai ki ji daga bakin waɗanda suka gani. Ki sanar da Inno da Kawu Badaru da maƙwabta, duk mai zuwa umarar azumi ya biyo ta Abhur ya tambayi ɗakin Muntaka mai gadi. Akwai shayi, akwai dabino. Kowa ya zo ya ga inda jikata ta je.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Muntaka Gwadabe