Faifai na Ashirin da Uku

Ƙofar Kibo, Zariya
4 ga Yuli

Yaya Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Anti Safiyatu da yara. Ya jikin Nabil? Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar Inna.

Na fara rubuta jerin faya-fayan garmahon Baba, Allah ya jiƙansa, kamar yadda ka ce. Sittin da ɗaya ne, duk waƙoƙin opera, ihun Turawan nan da likitan Wusasa ya bar masa lokacin da yake masa akawu. Malam Suhail na ɗakin adana kayan tarihi zai kwashe su, a ɗora a kwamfuta a sake fitarwa. Ya koya min cewa kowane faifai lamba biyu gare shi: ta kan takardar tsakiya, da wadda aka zana a jikinsa ranar ɗaukar murya. Kamfani kan canza takarda in ya sake bugawa, amma ta jiki ba ta canzawa.

Saura na ashirin da uku, wanda Baba ya hana mu taɓawa tun muna yara. Takardarsa ta ce wata Ba'italiya ce, lambar jikinsa kuwa ba ta cikin jerin kamfanin. Kuma da ƙaro aka manna takardar. Inna ta ce a bar shi a akwati, ta ƙi faɗin dalili. Ni dai ka san ni, sai na ji shi.

Gaisuwa ga kowa.
Ƙanwarka,
Batul

11 ga Yuli

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan jikin Nabil ya yi sauƙi.

Jiya da hantsi muka sa shi a zaure. Babu wata Ba'italiya. Yarinya ce ke waƙa da Hausa, ana kaɗa mata ƙwarya. Ban gane muryar ba sai da na hango Inna a ƙofar ciki da sandarta, leɓenta na rigan faifan faɗin baitocin.

Ta ce tana shekara goma sha biyar masu ɗaukar murya suka zo, ƙawayenta suka ingiza ta. Da za su yi aure, Baba ya ji tsoron a ce ɗan gidan malamai ya auro mawaƙiya. Ya sayi faifan don ya fasa shi, ya kasa, sai ya jiƙa takardar wani fasasshe ya manna a kai. Rabonta da jin muryarta ya haura shekara sittin. Na ji haushin Baba, na kuma ji tausayinsa.

Na san za ka ce a rubuta ba a san mai waƙar ba. Haka ni ma na cike takardar bayanin faifan da Malam Suhail ya ba ni. Inna ta sa na karanta mata, ta ce in soke, ɓoyo ɗaya ya ishe ta. Na rubuta Lami Jalo, Zariya, ta dangwala yatsa. Sannan ta ce kafin a tafi da shi a sake sa mata, akwai baiti guda da ta manta.

Inna na gaishe ku.
Taka,
Batul