Kada Ka Hau 'Yar Motarka Yau

Hashim,

Kada ka tayar da 'yar motar nan da ka ƙera, ko da abokanka sun matsa maka. Birkin ƙafa ba ya ci, kuma ni na lalata shi.

Da safe bayan ka tafi makaranta na ga dutsen da kake tokare tayar da shi ya goce, ga ƙanwarka Nasiha tana rarrafe a ƙasan gangaren tsakar gida. Na ce bari in yi wa motar birkin hannu kowa ya huta. Na sami ƙarfe mai shiga ramin tayar baya, na ga wata waya a ƙarƙashin kujera, na ɗauka ragowa ce, na yanke na ɗaure ƙarfen da ita. Ashe ita ce ta birkin ƙafa. Birkin da na yi kuwa sai motar tana tsaye yake kamawa. In ta kama gudu babu abin da zai tsayar da ita.

Ka sha gaya mini in bar maka kayanka, ban ji ba. Ka yi haƙuri.

Motar Lagdo tana jirana, zan ɗauko kifi. Ka tura ta da hannu zuwa wurin Gaston mai walda, na kira shi. Turawa na ce, ba hawa ba. Gaston ya ce sai ya nemi irin wayar a kasuwa. Ban sani ba ko za a samu kafin malamanku su gwada motar gobe.

Babanka