Ƙananan Ƙugiyoyi

Argungu, Litinin

Zuwa ga Okwudili mai shagon kayan su, Birnin Kebbi.

Gaisuwa mai yawa. Ya kasuwa, ya Madam da yara? Ni dai ina nan, ban mutu ba, ban kuma tsinana komai ba.

Akwatin fatsa nake so. Gwangwanin madarar da nake zuba ƙugiyoyi ya yi tsatsa har ya ɓule. Ka zaɓo mini na roba mai ɗakuna, wanda murfinsa ke kamawa ƙam ko ya faɗa ruwa. Ban da mai ƙyallin nan da manya ke rabawa ranar biki don a ɗauke su hoto. Ka zuba ƙananan ƙugiyoyi na kifin ƙarfasa, da darma, da siririn zare, da ɗan almakashi. Tanar da ake sa wa ƙugiya kuwa, zan haƙa da kaina. Ita kaɗai ce ba a fara shigowa da ita daga waje ba.

Ka ba direban da ya kawo takardar. Kada ka kira ni, na bar duba waya.

Ɗiyata Bilkisu ta sake zuwa da maganarta: in rufe gida in koma wurinsu nan Birni, wai an share mini ɗaki. Ni da na karanta ruwa da kifi har jami'a, na rubuta wa ma'aikata rahotannin da gara kaɗai ta duba, in ƙare a gidan suruki ina kallon fanka! Na ce mata muddin ina cin abinci daga gulbi, ba inda za ni. Ta ce ranar da na kasa fa? Na ce ranar ta zo da mota.

Ka huta lafiya.
Dankure

Birnin Kebbi, Laraba

Baba Malam,

Ina gaisuwa da ladabi. Madam ta ce har yau tana jiran tarwaɗar da ka yi mata alkawari tun tana da ƙuruciya.

Na samo akwati kore mai hawa biyu. Na hau kansa bai fashe ba, kai ka san nauyina. Na gama zuba kaya sai direba ya dawo wai ka ce a dakata. Mi za a canza?

Naka,
Okwudili

Argungu, Juma'a

Okwudili,

Bayan gaisuwa. Ka fitar da ƙananan ƙugiyoyin, ka sa matsakaita. Zaren ma ka sake, mai kauri nake so, mai launi. Ɗan robar da ke yawo bisa ruwa ya zama babba, ja jawur.

Shekaranjiya na tafi bakin gulbi wajen garin Gulma. Na zauna nan, na tashi, na koma can, na sake tashi. Ban jefa fatsa ko sau ɗaya ba. Ruwan ne ya lalace, kamar komai na ƙasar nan. Gida kuma ba ya zaunuwa, in na shiga sai in ji bango na matsowa.

Na sake tunani. Bar matsakaitan, sa manya, mafi girman da kake da su. Ƙarfasa kifin yara ce.

A gaida Madam.
Dankure

Birnin Kebbi, Lahadi

Baba Malam,

Ina fata ka tashi lafiya. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ka zage ni daga baya.

Tun ina kasa kaya bisa tebur kake sayen ƙugiya wurina, ba ka taɓa raina ƙarfasa ba. Manyan da ka ce in sa na giwan ruwa ne, kai kuma daga bakin gaɓa kake jefawa, ba ka da kwalekwale. Ba kifi kake zaɓa wa ƙugiya ba, Malam. Ramin da zare zai shiga kake nema, don ka bar ganin ƙaramin.

Haka babana ya yi da allura kafin mu gane yanar ido ce ta rufe masa gani. An cire masa, ya koma ɗinkinsa.

Ban gaya wa Bilkisu ba, jiya ma ta wuce mun gaisa. Amma akwatin nan ba zan ba direba ba. Ka zo da kanka, in rufe shago in raka ka wurin likitan ido. Ka kwana gidana, ba gidan suruki ba.

Naka,
Okwudili

Argungu, Talata

Okwudili,

Na gaishe ka don dole. Kaya na ce ka sayar mini, ban ce ka auna ni ba. Likitan da kake faɗa wataƙila ajinmu ɗaya da ubansa, kuma ni ke ba uban amsa a jarrabawa. In aka taɓa idon ya tafi gaba ɗaya fa? Kai za ka koma shagonka, ni a zuba ni motar Bilkisu.

Akwai masu sayar da ƙugiya a Argungu. Riƙe akwatinka.

Dankure

Argungu, Asabar

Okwudili,

Sallama. Na sayi manyan a nan. Zare ya shiga. Na wuni a gaɓa, ƙarfasa na cinye tana suna barin mini ƙarfe.

Ina tafe Laraba da motar safe. Ka ce wa Madam ba na cin yaji. In Bilkisu ta wuce, ku gaisa kawai.

Akwatin kuma ka mayar da ƙananan ciki.

Naka,
Dankure