Lugude a Cikin Na'urar Hoto

Yaya Suwaiba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Inna da yara da mutanen Kebbe duka. An samu ruwan shuka?

Nan Ingila lafiya lau nike, sai ƙafar hagu da ke yi mini nauyi. Ciwon nan ne da na gaya miki, mai cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Duk wata shida sukan tura ni cikin na'urar hoto, su duba fararen tabo, su gwada da na baya. Nakan rubuta adadin tabon a littafina. Bara fuɗu ne.

Ranar Talata na shiga. Sharaɗinsu kada mutum ya motsa. Amma bugun na'urar nan, Yaya, sak lugudenku ke da 'yar'uwarmu Hamdiya a tsakar gida. Na rufe ido, sai ga ni gindin dogonyaro ina jiran fura. Ashe kaina yana bin kiɗan. Hoton ya ɓaci, aka sake. Baturiyar da ke kula da na'urar ta tambaya ko tsoro nika ji, na ce e, don ban san yadda zan bayyana mata ba.

Yanzu tabon shida ne. Likita ta ce kada in damu, in dai na fahimce ta daidai. Za a canja magani, a sake hoto bayan wata uku, kuma ba tafiya kafin nan.

Babbar Salla ba da ni ba ke nan. Ki lallaɓa Inna, ki ce aiki ne. Ku yi layyarku, amma ki ajiye mini kasona na soye. Yana kai wata uku.

Ƙanenki,
Nu'umanu