Kuskuren da Ka Yi da Gangan

Zuwa ga Alhaji Ajani, telan Kwararafa, ma'abocin kalangu. Sanyin safiyar Jos bayan an ɗauke ruwa, inuwar dutsen da matafiyi ke fakewa sa'ad da ƙanƙara ta sauko, hasken da ke keta hazon Agusta ya sauka a kan gonar acca. Aminci ya tabbata a gare ka, ya abin ƙaunata.

Shekaruna saba'in da uku a wannan damina. Na faɗa maka ne don ka san mai hankali ce ta riƙe alƙalamin nan, ba don ka tausaya mini ba. Tausayi kuwa ba na karɓarsa, daga gare ka ko daga waninka. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da nahawun Hausa, na binne miji, na aurar da 'ya, na kuma ɗauki ƙwaryar amada ta kakata bayan na ajiye alli, duk da masu cewa ba ya kamata mai takardar shaidar malanta ta zama zabiya. Ban nemi izinin kowa ba a lokacin, ban kuma nemi kowa ya riƙe mini hannu ba. Amma akwai godiyar da ta yi nauyi har baki ba zai iya ɗaukarta ba, ita ce ta zaunar da ni a gaban wannan takarda.

Ka tuna shekarar da annoba ta rufe gari? Biki goma sha ɗaya aka yi mini alkawari tsakanin azumi da babbar salla, kuma ɗaya bayan ɗaya waya ta riƙa ƙara: Malama, a yi haƙuri, an hana taro. Matan da ke yi mini amshi suka watse, kowace ta kulle ƙofarta. Ban rasa abinci ba, ban rasa lafiya ba. Abin da na rasa shi ne dalilin buɗe baki. Wa zan rera wa? Bangon ɗakina? Kajin maƙwabta? Waƙar amada ta mata ce, sai an yi shewa, sai an yi guɗa, sai wata tsohuwa ta miƙe ta manta da ciwon gwiwarta. Kai makaɗi ne, ka san ƙwarya idan tana kife ganga ce, idan aka ɗaga ta kuwa mazubi ce kawai. To, wata safiya na ɗaga ƙorena duka huɗu, na zuba wake a babbar, albasa a mai bi mata. Ranar ban yi kuka ba, domin ban saba ba, amma na ji kamar na rufe wa wata 'yar'uwata ido.

A cikin wannan hali 'yata Amatullahi ta fara kira daga Kaduna. Mama, waƙa ta ƙare, ki tattara ki dawo wurinmu ki huta. Kullum sai ta faɗa, cikin ladabi da taushin murya, har maganar ta fara samun wurin zama a zuciyata. Ni da ban taɓa kwana a ƙarƙashin rufin suruki ba! Na sauko da akwati daga kan kabad, na ce mata da zarar an buɗe hanya zan taho.

Sai ga ka.

Ranar da aka sassauta doka don mutane su yi cefane, wasu suka nufi Abattoir neman nama, wasu suka bi layin gari da manja, kai kuwa ka tako tun daga Kwararafa har Jos Jarawa da kalangu a hammata, da takunkumin da ka ɗinka da ragowar atamfa mai hoton kifi. Ka tsaya a bayan shingen kerana, ba ka ko taɓa ƙofa ba. Ka ɗaga murya ka ce, Malama, kai yana ciki? Na amsa daga taga, kamar yadda na saba amsa maka shekara da shekaru, cewa ke ake ce wa mace, Baba Tela, kai na maza ne. Ka ce, to, ke, ka fito. Na ja labule.

Ba ka tafi ba. Ka matse kalangu, ka ɗauko waƙata, wadda na tsara da kaina, wadda amaren garin nan suka shiga ɗaki da ita, ka rera ta da wannan muryar taka mai kama da ƙofar langa-langa: amarya ya sauko daga dutse, ya sha lalle, ya gaji babansa! Wayyo kunnena! Wayyo shekara talatin da biyar na jan biro! Na toshe kunne da filo, baitin ya ratsa filon. Ka maimaita, ka ƙara maimaitawa, har matar maƙwabcina Cletus ta leƙo tana tambaya ko wani ne ya aurar da ɗan akuya. A karo na biyar ban san sa'ad da na banko ƙofa ba, ko mayafi ban gyara ba, na tsaya a tsakar gida na ce maka ba haka ake yi ba, saurara! Na ɗaga murya: amarya ta sauko daga dutse, ta sha lalle, ta gaji uwarta.

Muryar ta fito a dushe, kamar ruwan famfon da ya daɗe a rufe, da tsatsa da tari. Amma ta fito. Kalangunka ya tare ta a hanya, ya tallafe ta kamar yadda ake tallafar mai koyon tafiya, ya bi ta baiti bayan baiti har na kai ƙarshen waƙar. Da na yi shiru, sai na ji guɗa daga gidaje uku. Kai kuwa ka gyara takunkuminka ka ce, Malama, ka iya kaɗan, gobe-gobe zan dawo in koya maka sauran.

Ka dawo. Duk ranar da aka buɗe gari ka dawo, da sabuwar waƙata a bakinka, ka karya mata ƙafa, ka mai da uwar ango namiji, ka mai da liman mace, ni kuma in fito a fusace in ɗora ta. A mako na uku na juye waken a buhu na kife ƙwaryar, domin ba zan iya gyara maka kari da tafi kawai ba. A mako na shida na tsinci kaina ina tsara sabon baiti ina wanke-wanke, wai don in ga ta inda za ka ɓata shi. Akwatin nan kuwa ban san ranar da ya koma kan kabad ba.

Ya kai ruwan bazara na farko a kan busasshiyar ƙasa, ya kai tsuntsun da ke kuka a kan dutse ko babu mai saurare, da me zan kwatanta abin da ka yi mini? Ni kerana ce, na sani. An dasa ni don in tsare gida, jikina ƙaya, ruwana mai ƙuna. Wane irin mutum ne yake tsayawa a gaban kerana mako bayan mako yana yi mata kiɗa? Wane irin haƙuri ne wannan, mai zurfi kamar tafkunan da masu haƙar kuza suka bari, shiru a sama, ba a ganin ƙasansa? Shekara goma sha ɗaya ke nan da ka aika wa ƙanena Musaddiq cewa kana neman aurena, bayan rasuwar mai ɗakinka, na mayar da amsa cewa ni ba kayan da ake ɗauka ba ce. Ba ka yi fushi ba, ba ka sake tayar da maganar ba, ba ka kuma fasa zuwa yi mini kiɗa a kowane biki ba. Na ɗauka ka haƙura. Ashe jira kake yi!

Yanzu bari in gaya maka abin da ya sa na rubuto.

Ranar Talatar da ta wuce na zo shagonka da rigar da zan sa a bikin farko da aka kira ni tun bayan buɗe gari. Ba ka ga isowata ba, kana duƙe a kan keken ɗinki, Madam Ulonma mai sayar da yadi tana tsaye a kanka. Da kunnena na ji ka ce mata: ke kika kawo yadin, ke za ki zaɓi ɗinkin, in ba ki so wannan ba sai ki faɗa. Ke! Kika! Za ki! Hausa tsaf, ko a gidan rediyo sai haka. Na tsaya a bakin ƙofa kamar an kafe ni. Ƙanwarka Ebun, da ke zaune a benci tana ɓare gyaɗa, ta dubi fuskata ta fashe da dariya har gyaɗar ta zube. Ta jawo ni gefe ta ce, haba Malama, sai yau kika sani? Yaya ya gyara Hausarsa tun ina goyon ɗan farina. Ke kaɗai yake ce wa kai. Ya ce ranar da ya daina, ba ki da sauran dalilin tsayawa ki yi masa magana.

Na juyo da rigata a hannu, ban shiga ba. Tun daga Kwararafa har gida ina tafe ina dariya ni kaɗai, hawayen da na hana kaina ranar wake suna zuba, masu keke-napep suna kallona. Ni, Maimunatu, da babu ɗalibin da ya taɓa yi mini wayo a aji! Ku kuna kiran kalangu gangan da harshenku. Ashe duk kuskuren nan da gangan ne, kai mai gangan.

Na gode, ya sanyin idona. Na gode da kowane ya da ka sa a gurbin ta. Na gode da ka san girman kaina, ba ka yi ƙoƙarin karya shi ba, sai ka mai da shi igiyar da ka jawo ni da ita daga rijiya. Da ka zo da lallashi, da na kore ka. Da ka zo da tausayi, da yau ina Kaduna a kan kujera mai laushi, ina kallon bango, ƙorena cike da wake.

Saboda haka ga abin da na riga na yi, ba shawara nake nema ba. Na kira Amatullahi na ce ta ba wa wani ɗakin da ta gyara mini. Jiya bayan la'asar na je gidan Musaddiq da ƙafata, na ce masa amsar da na bayar shekara goma sha ɗaya da suka wuce akwai kuskure a cikinta, na zo in gyara. Yana jiran mutanenka ranar Juma'a. Sharaɗina ɗaya ne: ba zan bar gidana ba, kai za ka riƙa ɗauko sandarka kana zuwa, ka riga ka san hanya. Ƙofar da ka tsaya a bayanta na sa an cire mata sakata. Kuma idan ka kuskura ka ce mini ke, ko sau ɗaya, zan ɗauka ka daina sona.

Muddin akwai numfashi a ƙirjin nan, muryar da ka dawo da ita ba za ta yi amshi ga kalangun kowa ba sai wanda ke hammatarka.

Naka har ƙarshen rai,
Maimunatu

Na ga abin da na rubuta. Kada ka gyara.