Jinin Gwaggo da Takabarta

Gidan Rumji, Litinin

Yaya Tahiru,

Gaisuwa mai yawa, da ƙarin ta'aziyyar mijin Gwaggo, Baba Nomau, Allah ya jiƙansa. Rezon waya ya ƙi, shi ya sa na ba ɗan kabu-kabu mai babur takarda.

Jinin da na ɗiba ranar sadakar uku, na duk masu tarin nan a gida, ya fito daga labo, ɗakin gwajin asibitinmu. Naka da na yara ba laifi. Na Gwaggo ne ya tsinka mini zuciya. Akwai abin da muke aunawa, wanda ke hawa idan jiki na kumbura daga ciki, tun kafin mutum ya kwanta. Nata ya ninka na mai lafiya fiye da sau goma, ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta kuma sun ragu. Likita ya ce ba ya rantsuwa, amma irin wannan yakan kama huhu farat ɗaya. Ku kawo ta yau, akwai gado kusa da na'urar iska.

Ƙanwarka,
Nazira

Sae Sabuwa, Talata

Nazira,

Mun amsa gaisuwa, kowa na gaishe ki. Ke dai akwai ki da firgici tun kina ƙarama! Ni da ke tari kamar tsohon injin niƙa kin ce lafiyata lau, ita da ta cinye tuwonta jiya har tana yi wa matata faɗan gishiri, ita ce a bakin kabari?

Kuma kin manta tana takaba? Na karanta mata takardarki, ta ce: "In tsallake ɗakin mai gidan nan, ko tabarmarsa ba ta huce ba? Matan garin nan su ce mini me?" Ta ce in gaya miki da sauƙi, zazzaɓi ne kawai da ba a rasa ba.

Ki huta lafiya.
Yayanki Tahiru

Gidan Rumji, Talata da yamma

Yaya,

Ka yafe mini gajeruwar gaisuwa, raina a ɓace yake. Yaushe ka taɓa jin Gwaggo ta ce ba sauƙi? Tari mai ƙara ba shi ne awo ba. Baba Nomau ma haka jininsa ya nuna, ya yi dariya ya ce gero na jiransa a gona. Kai ka ɗauko shi daga can, ka san yadda ya ƙare.

Ka je wajen liman ka tambaye shi, ko takaba ta hana mace neman magani. Wallahi tsoro nake ji, Yaya. Gadon nan ba zan iya riƙe shi har abada ba, masu tari sun cika baranda.

Allah ya bar zumunci.
Nazira

Sae Sabuwa, Laraba

Ƙanwata Nazira,

Ina gaishe ki da aiki. Na yi yadda kika ce. Liman ya zo da kansa, ya tsaya bakin ƙofarta ya ce lalura ta halatta fita, har ya ce zunubi ne ta ƙi. Ta gode masa, ta sa aka kai masa fura. Yana fita ta ce: "Shi namiji ne, ba shi za a nuna da baki a wajen biki ba."

To ni in yi yaya? In cicciɓe ta da ƙarfi, matar da ta goye mu bayan rasuwar Inna? Hannuna ba zai iya ba. Amma na daina dariya. Yau a zaune ta yi azahar, ta ce gwiwa ce. Ban yarda ba.

Ki sa mu a addu'a.
Tahiru

Sae Sabuwa, Alhamis

Nazira,

Sallama. Mai babur da na ba takardar nan zai riga mu isowa, mu muna cikin motar ɗan kasuwa. Ita da kanta ta kira ni bayan asuba, ta ce in ɗauko mata mayafi. Fatiha ce ta gagare ta, sai ta tsaya ta huta a kowace aya. Leɓenta ya canza launi.

Don Allah ki ce mini ba ku ba da gadon ba. Ki tsaya bakin ƙofa.

Tahiru